Masaukin Mai Fasaha: Daga Zauren Lamido Zuwa Gidajen Baƙuncin Zamani

Wannan shi ne bayanin da muka gabatar a filinmu na tarihi, mun sa shi a rubuce saboda wanda ya tafi kiwo ko yana kan hanya lokacin da aka watsa.

Asalin maganar wata tambaya ce da ta zo mana daga Maga. Wani bawan Allah mai sayar da shinkafa ya ce ɗansa mai zane ya zo masa da labari, wai akwai gidaje a Duwala da Dakar da Faris inda ake ɗaukar mawaƙi ko mai zane ko marubuci, a ba shi ɗaki da abinci har wata uku, ba a neman komai gare shi sai ya zauna ya yi sana'arsa. Masu Faransanci suna ce da abin rezidans. Uban ya ce mu gaya masa tsakani da Allah: gaskiya ne ko sabuwar damfara ce? In kuwa gaskiya ne, me suke so a wurin yaron?

To, Alhaji, gaskiya ne akwai su, kuma akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunansu. Amma kafin mu kai can, bari mu koma baya, don abin nan ya daɗe a ƙasarmu, suna ne kawai ya sake.

Maigida da baƙonsa

Duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa kasuwar Bogo ko Adumri ko Mubi ya san fatoma. Ka iso gari ba ka san kowa ba, shi zai sauke ka, ya ba ka tabarma da tuwo, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Shi kuma yana da la'adarsa. Ba don Allah kaɗai yake yi ba, amma in babu shi fatauci ba ya yiwuwa.

Haka mai fasaha yake. Waƙa ba ta fitowa a yini ɗaya, haka sirdi mai ado, haka littafi. Wanda ya wuni neman abin sa wa a baka ba shi da sararin zama ya gyara baiti ɗaya sau goma. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka tun zamanin da, duk inda ka ga gwani, in ka duba bayansa za ka tarar da wani maigida da ya ɗauke masa nauyin ci da wurin kwana.

Ko malamai ma haka. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya taso daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A wannan zama ne ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake riƙon mulki. Baƙo ne, aka ba shi masauki, ya bar aikin da har yau ake karantawa.

Yadda kakaki ya iso Garwa

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wajen 1809, sarautun Fulani suka kafu a Fombina: Garwa, Marwa, Rai Buba, Ngaundare, Tibati, Banyo, da Yola wadda ta zama babban birni a 1841. Waɗanda suka kafa su makiyaya ne da malamai. Shehu da kansa ya soki yawan kaɗe-kaɗen fadar sarakunan Hausa, kuma a al'adar Fulani abin kunya ne mutum ya tsaya gaban jama'a yana roƙo da baki. Amma sarauta ba ta zama sai da alama. Lamido zai fita hawan sallah, wa zai sanar da gari?

Nan fa ƙofa ta buɗe wa baƙi. Tare da ayarin fatake da ke zuwa neman hauren giwa da goro, da bayi ma a wancan zamani, sai makaɗa da mabusa da maroƙa suka biyo daga ƙasar Hausa da Barno. Suka zo da algaita da kakaki da ganga. Majema da dukawa da masaƙa da marina da maƙera su ma suka biyo, suka kafa unguwanninsu. Lamido ya ba su fili, ya naɗa musu shugabanni, ya riƙa aika musu hatsi da riguna, wanda ya burge shi har doki yakan samu. Shi ya sa har gobe in ka tsaya ƙofar fada a Garwa ko Ngaundare ranar sallah, mutanen gari na hira da Fulatanci, amma kirari da yawa da Hausa za ka ji shi. Sunayen sarautu ma sun nuna hanyar da aka biyo: Galadima, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Kaigama. Aikin fata da Marwa ta yi suna da shi, takalma da jakunkuna da matasai, yana da tushe a hannun waɗannan baƙi da aka sauke, suka zauna, suka koya wa 'yan gari.

Ladan kuturu

Sai dai masaukin fada yana da farashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin fada bakinsa na ubangidansa ne. Shi zai yaba, abokan hamayyarsa kuwa su sha zambo, ko da a zuciya makaɗin ba shi da komai da su. Ranar da aka tuɓe sarki ko ya rasu, sai makaɗi ya wayi gari yana jiran ya ga ko sabon zai riƙe shi.

Duk da haka kada a raina abin da wannan zama ya haifar. Ibrahim Narambaɗa ya yi rayuwarsa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, kuma masana Hausa har yau suna sa waƙoƙinsa a sahun gaba. Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Natsuwar da suka samu ita ta ba su damar tace magana har ta kai inda ta kai.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya bi wata hanya. Bai ɗaure kansa a ƙofar sarki ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da manoma. Iyayen gidansa suna da yawa, saboda haka babu mai riƙe da linzaminsa shi kaɗai. Ku lura da wannan, 'yan kasuwa: kuɗin irinku ne ya ba Shata 'yancin bakinsa.

Ku ma makiyaya kuna da naku. In rani ya yi, garkuna suka gangara yayre, fadamar nan ta Logon da ke arewa da Maga, masu waƙar shanu da ake kira dacol sukan bi ruga-ruga. A sauke su, a ba su nono da wurin kwana, su yabi garke da mai garke, a sallame su da abin da ya sawwaƙa. A ƙauyukan Marwa kuma akwai masu mboku, waɗanda suka adana labarin yaƙe-yaƙe da yunwa da zuwan Turawa a cikin waƙa. Ba fada ce ta riƙe waɗannan ba, jama'a ne.

Turawa da nasu tsari

A Turai ma daga fada abin ya faro. A 1666 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya buɗe gida a birnin Roma, inda ake tura samarin masu zane da sassaƙa su zauna shekaru suna koyo da kuɗin sarki. A 1803 aka mai da shi wani babban gida mai suna Villa Medici, kuma har yau yana karɓar baƙi. Bambancin da suka kawo shi ne takarda: a yi gasa, a zaɓi mutum, a yanka masa wa'adi, in ya cika ya tattara nasa ya koma gida da aikinsa. Baƙunci ne mai ranar shiga da ranar fita.

Mu nan bakin Logon mun fara ganin irin waɗannan baƙi tun kafin mu san sunan abin. A 1926 marubucin Faransa André Gide ya ratso ƙasar Musgum, tare da abokin tafiyarsa Marc Allégret mai ɗaukar fim. Ya sauka yankin Pus, ya wuce Marwa da Rai Buba da Ngaundare, ko'ina sarakuna na saukar da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ɗakunan Musgum da ake kira teleuk, masu tsini kamar an kife tulu, waɗanda ake ginawa da laka da hannu, babu ginshiƙi babu katako, da zane a jiki wanda shi ne matakalar magini kuma shi ne hanyar ruwan sama. Ya yabe su a littafin da ya fitar a 1928. A 1931, a babban baje kolin ƙasashen mulkin mallaka da aka yi a Faris, aka kwaikwayi siffar teleuk aka gina rumfa da ita.

Kun ga yadda abin yake? Baƙo ya samu masauki, ya koma ya yi littafi, duniya ta san sunansa. Maginan da suka yi aikin kuwa, siffar ɗakinsu ta je Faris, sunansu bai haye Logon ba. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a duk maganar masauki: in an gama, aikin na wa ne, kuma sunan wa za a kira?

Wata shida a Zariya

Ga misali mai daɗi daga ƙasar Hausa. A 1933 wani Bature, Rupert East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya shiga da Ruwan Bagaja. East ya ga yaron yana da baiwa, amma aikin aji ba zai bar shi ya yi dogon rubutu ba. Sai a 1936 ya nemi a ba shi aronsa. Imam ya zo Zariya, aka ba shi wurin zama, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiya da Turai, aka ɗauke masa koyarwa. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Duk wanda ya yi karatun Hausa, daga Sakkwato har Garwa, ya san aku da Waziri. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Baiwar tasa ce tun fil azal, amma sarari aka ba shi ta fito.

'Yan canji da masu ƙetara iyaka, in kun juya takardar naira ashirin za ku ga wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan. A ƙauye ta koyi sana'arta wajen 'yan uwanta mata. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a gidansa, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wadda yau ake kira Suleja. Ta samu wurin aiki da murhun gashi na zamani, ta zagaya Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta. Wannan karon sunan mai aikin ya tafi tare da aikin.

Wanda ya je ya zauna da tsoho

Akwai kuma wani irin zama da ya fi kusa da mu. Malam Mamman Barka ɗan makiyaya ne daga Tesker a gabashin Nijar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi. Ya ji labarin wani abin kiɗa na masuntan Buduma a Tafkin Cadi, mai suna biram, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, wanda saura tsoho ɗaya ya iya shi, Bukar Tar. A 2002 ya samu tallafin UNESCO. Bai tafi Faris da kuɗin ba. Bakin tafki ya nufa, ya zauna wajen tsohon, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa. Tsohon ya miƙa masa biram, bayan 'yan shekaru ya rasu. Barka ya kai kiɗan Turai, aka naɗe shi a faifai, kafin shi ma Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Da ya yi jinkiri kaɗan, da biram ya bi mai shi kabari.

Irin wannan ya faru a ƙofar gidanmu. Bayan an gina madatsar Maga a 1979 saboda noman shinkafar SEMRY, rayuwa ta sake a yankin: sababbin ƙauyuka, aikin kuɗi, bulo da kwano. Teleuk kuwa, wanda dama tun kafin nan ya fara ja baya, ya kusa ɓacewa. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar Faransa mai suna Patrimoine sans frontières ta haɗa kai da mutanen Musgum, aka tara tsofaffin magina da samari a Murla, kusa da Pus, aka ciyar da su, suka zauna tare har suka tayar da gida sukutum. Ɗakunan da matafiya ke tsayawa kallo a can, daga wannan zama suka fito.

Ina gidajen suke yau?

A Faris akwai Cité internationale des arts, da aka buɗe a 1965, mai ɗakunan aiki sama da 300. A Duwala akwai doual'art tun 1991. A yammacin Kamaru mai zane Barthélémy Toguo ya gina Bandjoun Station, ya haɗa ta da gona don baƙi su ci daga abin da aka noma. A Iseyin ta jihar Oyo akwai gidan marubuta na Ebedi, wanda Wale Okediran ya buɗe a 2010. A Dakar akwai Black Rock tun 2019.

Ku sake duba sunayen. Duk suna kudu ko bakin teku ko ƙetare. Ba don arewa ta rasa gwanaye ba: Garwa ta fitar da Ali Baba da Isnebo, Marwa ta fitar da Djaïli Amadou Amal, wadda littafinta ya ci babbar kyauta a Faransa a 2020. An yi bikin fasaha na ƙasa a Ngaundare a 1996 da Marwa a 2008, amma biki kwana kaɗan ne, a watse. Fada ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Tun 2013 kuma, da matsalar tsaro ta tsananta a Arewa Mai Nisa, baƙin da ke sayen kayan dukawan Marwa suka ɗauke ƙafa. Ga kuma shingen harshe: takardun neman shiga da Faransanci ko Ingilishi ake cika su ta intanet. Mai dacol da ya haddace waƙa ɗari, wa zai cika masa?

Amsa ga mai tambaya

To Alhaji, in yaronka zai nema, ga abin da tarihin nan ya koya mana. Gidajen gaskiya sukan fitar da sanarwa a fili, su nemi hotunan aiki ko muryar da aka naɗa, da takardar bayanin abin da mutum zai yi in ya je. Sanarwar takan bi ta wurare sanannu, irin su Alliance française ta Garwa, ko Institut français da Goethe-Institut a Yawunde. Ya je da ƙafarsa ya tambaya.

Ya kuma yi tambaya huɗu, irin wadda kai ma kake yi wa sabon fatoma. Wa zai biya kuɗin mota da abinci? Don wasu suna ɗaukar komai, wasu ɗaki kawai suke bayarwa, wasu ma kai za ka biya. Kwana nawa ne? Me ake so ya bari in zai tafi? Zanen da ya yi ko waƙar da aka naɗa, hakkinta na wa ne, kuma an rubuta a takarda? Wanda kuwa ya kira shi a waya ya ce an zaɓe shi alhali bai nema ba, ya turo sefa kaza don a fitar masa da biza, wannan ɓarawo ne, kada a saurare shi. Kada kuma a sayar da saniya ko buhun iri saboda alkawarin baki.

Sauran magana taku ce, masu hali. Lamidon da ya sauke mai algaita, da makiyayin da ya ba mai dacol ƙwaryar nono, babu wanda ya jira takarda daga Faris. A Maga da Pus da Girbidik akwai tsofaffin da suka iya ginin teleuk, da sassaƙa kwalekwale, da zanen ƙwarya, da waƙoƙin da babu su a kowane faifai. Akwai kuma samarin da za su koya in an ɗauke musu cefanen wata uku. Ɗaki ɗaya a bayan shago, buhun shinkafa, da ɗan kuɗin sabulu, in mutum biyar na kasuwa ɗaya suka haɗa hannu ba zai gagare su ba. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ce sai yaro ya yi wa mai ɗaki kirari, kuma in aiki ya fito a kira sunan tsohon da ya koyar da na yaron da ya koya.

Wanda ya san wani gwani a garinsu da ake tsoron sana'arsa ta tafi da shi, ya aiko mana ta hannun wakilinmu a kasuwa, za mu je mu ji daga bakinsa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dukiya da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.